Tabon Man Gyaɗa a Bangon Majigi

Shekarun baya, lokacin mai ɗakina tana raye, autarmu da ke jami'a can wajen Rijiyar Zaki ta zo hutu da kwali ɗaya da gwangwanin fenti. Ta ce yayanta ne ya sa a sayo. Yayan nata shi ne ɗanmu na fari, yana aikin walda a wata ƙasar Larabawa, shekara huɗu bai taka garin nan ba. Idon uwarsa ya fara rauni, fuskarsa a waya ba ta fi mata ƙwayar gyaɗa ba. Shi ne ya ce a kawo majigi a haska shi a bango.

Ni na san majigi tun ina yaro, irin wanda ake kafa wa farin ƙyalle a ƙofar gidan mai gari. Don haka na ce yarinyar ta huta, aikin manya ne. Na buɗe gwangwani, na ga abu toka-toka. Na ce, "An cuce ku. Toka aka dama muku. Bari in jiƙo farar ƙasa."

"Baba, don Allah bari. Fenti ne na musamman, shi yake riƙe hasken. Ko da rana za a gani."

"Ni da na yi aji uku a firamare za ki koya wa haske?"

"Inna ta ce aji biyu ne."

Na mayar da murfin gwangwanin. Na ukun dai na sha leƙa shi ta taga.

Ɗakin da yayan nata ya bari muka zaɓa. Aka shafe bango ɗaya da siminti, ta bi shi da fenti har sau uku, muka toshe taga da buhu, aka jona da sola. Sannan ta kafa doka tana kallona: kada wanda ya taɓa bangon, musamman da hannun maiƙo. Shi ma majigin ba sai an taɓa shi ba, wani ɗan ido gare shi da ke kallon mutum. Ka ɗaga masa tafin hannu, hoto ya tsaya cak. Ka share hannu gefe, ya rufe. Kwana biyu na yi ina tsayar da mutane ina sallamarsu kamar ɗan sandan kan titi. Ranar da na kori ƙuda, wa'azi guda ya tafi da shi.

Sai ranar kiran, bayan la'asar. Muka zaunar da ita a tabarma. Ɗan namu ya cika bango, har furfura biyu na hango a gemunsa. Ya ce, "Inna, ina wuni?"

Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta kau da kai. Bango ya koma toka.

Ku yaran yanzu sai an yi muku bayani. Matan zamaninmu suna kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta wasa da shi gaban mutane. Shekara talatin da wani abu, "wancan" take ce masa. To wannan jan mayafin, shi ɗan idon ya ɗauka an ce ya rufe.

Auta ta sake haɗawa. Ya sake gaisuwa, ta sake jan mayafi. Sau uku. Ni kuwa dariya har da kwanciya. Na ce, "Innar yara, an sayo miki majigin da ya fi ki kunya!"

Ta ce, "Malam, ka girma mana." Ta tashi ta fita.

Da ya kira ni a waya daga baya, ya ce, "Baba, ku bar wahalar da ita. Na san kunya ce. Amma ko a bango?" Ya yi dariya, sai dai na san dariyar ɗana, wannan ba ita ba ce. Bai ƙara neman a haska shi ba. Gaisuwa ya ɗauka a bidiyo ya aiko, auta ta ajiye a cikin majigin, ta koma makaranta.

Wata rana da hantsi, lokacin cirar gyaɗa, ƙotar fartanyata ta karye, na dawo gida ba lokacin dawowata ba. Na tarar da kaskon ƙuli-ƙuli a sauke, wuta tana ci ita kaɗai. Sai na ji muryar ɗana a ɗakinsa. Na leƙa ta gefen asabari.

Innar yara ce zaune a tabarma, ta danne hannayenta biyu da cinya don kada su ci amanarta. Ashe duk wasan da nake yi da majigin, tana koyo ta gefen ido. Da bidiyon ya zo wurin da yake murmushi, ta zaro hannu ɗaya a hankali, ta ɗaga. Ya tsaya. Ta miƙe, ta raɓa ta gefe don kada inuwarta ta rufe shi, ta ɗora tafinta a kumatunsa. Ta kira sunansa. Ni na raɗa masa sunan, amma sai ranar na ji yadda yake a bakinta.

Ni da ba na iya riƙe magana daga masallaci zuwa gida, na koma da baya har ƙofar zaure, na yi tari, na rangaɗa sallama kamar baƙo.

Da auta ta dawo hutu, ta ga yatsu biyar na man gyaɗa a bangonta. "Baba!"

Na ce, "Ƙadangare na kora."

"Ai hannunka ya ninka wannan."

"Daga nesa na taɓa."

Uwarta tana tsintar wake, ko kai ba ta ɗaga ba, ta ce, "Malam dama ba ya jin magana." Ku ji fa!

Auta ta ce a kawo ragowar fentin ta gyara. Na ce ai na shafe akurkin kaji da shi. Tana shiga wanka na ruga na shafe akurkin, don kada in kwana da ƙarya biyu.

Ban faɗa wa ɗana ba. Na ga sirrinta ne, kuma na ɗauka akwai lokaci. Da damina ta gaba uwarsa ta kwanta ciwo, kwana tara, Allah ya karɓi abinsa. Ɗana bai iso ba sai bayan sadakar bakwai. Na same shi zaune a ɗakinsa ya zuba wa ƙasa ido. Ya ce, "Baba, har ta tafi ba ta taɓa kallona ba."

Na kunna majigin. Da ya zo wurin murmushin, na ɗaga hannu. Tabon ya zauna daidai kumatunsa.

Ya ce, "Auta ta ce kai ka ɓata shi."

Na kai hannuna kusa da tabon, ban taɓa ba. Nawa kamar faranti, wannan ɗan ƙarami. Na ce, "Har sunanka ta faɗa, da kunnena na ji." Ya tashi ya jingina fuskarsa da bangon. Na fita na ja masa asabari.

Har yau ina tambayar kaina ko ya kamata in faɗa masa tun tana raye. Da ta ji kunya, ta yi mini gaba ta mako guda, amma da ya ji da sauran lokaci. Ban sani ba. Sau ɗaya na iya yin shiru a rayuwata, shi ma ban tabbata na yi shi a wurinsa ba.

Majigin ya daɗe da mutuwa. Duk shekara kafin Sallah ana shafe gidan nan da farar ƙasa, ban da wannan bangon. Wani lokaci da hantsi, in gida ya yi tsit, nakan shiga in zauna a tabarmar, in ɗaga tafin hannu. Ba abin da yake tsayawa. Allah ya jiƙan Innar yara, ku ce amin.