Na Yi wa Mma Tafinta a Gaban Likita

Tun ina goye mahaifiyata take sayar da wake da shinkafa a bakin titi a unguwar Nima, abin da mutanen gari ke kira waakye. Mma muke ce mata, mu da ta haifa da direbobin trotro, motocin haya na cikin gari, da ke yin layi gaban teburinta da safe. Mace ce mai murya. In tana yi wa mai kawo mata itace faɗa, makwabta har fitowa suke su sha kallo. Ita ta riƙe mu bayan rasuwar babanmu, ni da ƙanena da yanzu yake aiki a Kumasi, kuma da wannan tukunyar na yi karatu har na zama malamar firamare a unguwar Maamobi, inda nake aure.

Ciwon bai zo da hayaniya ba. Da farko ta daina ɗanɗana girki kafin ta sauke. Masu saye suka fara cewa gishiri ya yi yawa, ita kuwa ko uffan, alhali a da mai faɗin haka sai ya gwammace bai buɗe baki ba. Sai ta daina zuwa biki da suna. Wata Asabar na je gaishe ta da hantsi, na tarar da murhu a mace, waken da ta jiƙa ya yi tsami a roba, ita tana kwance ta juya wa ƙofa baya.

"Mma, jikin ne?"

"Ba inda ke mini ciwo."

"To me ya faru?"

"Ban sani ba. Na kasa tashi ne kawai."

Kafin sati ya zagayo dangi sun gama gano abin da ke damunta. Kawu, yayanta da ke sayar da atamfa a Zongo Lane, ya ce sammu ne, kuma ya san mai sayar da abincin da ta yi shi. Gwaggo, ƙanwar babanmu, ta ce iska ce, don Mma tana yawan zubar da ruwan zafi a kwata ba bisimilla. Aka kawo malami ya yi ta karatu a kanta, aka ba ta rubutu, aka turara ɗakin. Ba ni da abin cewa a kan wannan malamin sai alheri. Bayan wata guda ya kira Kawu gefe ya ce shi bai ga alamar aljani ba, a haɗa da asibiti, addu'a ba ta hana neman magani. Kawu ya sallame shi ya nemo wani. Na biyun ya zo da tsawa da hayaƙi mai yaji, yana dukan tafin ƙafarta da tsumagiya yana cewa wanda ke ciki ya faɗi sunansa. Mma ta yi ta tari, hawaye na zuba. Ina tsaye a bakin ƙofa ina kallo. Da karatuna da komai, ban hana ba.

Masu zuwa dubiya sun fi tsumagiyar ciwo. Kowacce ta zauna bakin katifa sai ta lissafa mata ni'imomin da Allah ya yi mata: ga 'ya'ya, ga sana'a, ga ɗaki nata na kanta. "Ki gode wa Allah mana. Musulmi ba ya irin wannan." Mma, matar da ban taɓa ganin ta bar salla ba, ta fara ce mini ƙila Allah ya yi fushi da ita ne, tunda ko ta ɗaga hannu ba ta jin komai a zuciyarta. Haka muka ci wata biyar. Zanenta ya koma zagaye ta sau biyu.

Da sunan awon hawan jini na samu na fitar da ita zuwa ƙaramin asibitin unguwa. Aka auna jini, aka auna suga, komai lafiya. Wata nas 'yar zango mai jin Hausa irinmu, wadda ta girme ni kaɗan, ta bar takardun ta ja kujera ta zauna kusa da ita. Ta tambaye ta barci, ta tambaye ta cin abinci, ta tambaye ta yaushe rabon da wani abu ya faranta mata rai. Sannan ta rubuta mana takarda zuwa asibitin ƙwaƙwalwa. A unguwarmu sunan wurin nan zagi ne. In yara suna faɗa shi suke jifan juna da shi. Na ninke takardar na sa a jaka, ta kwana goma a ciki kafin na yi ƙarfin hali.

Trotro biyu muka hau. Mma ta ja mayafi ta rufe rabin fuska tun daga tasha har muka shiga. Likitar matashiya ce mai sanyin magana, Turanci da Twi, yaren mutanen gari, take ji. Twi ɗin Mma kuwa na kasuwa ne, gaisuwa da ciniki. Don haka na zauna tsakaninsu, likita ta faɗa mini, ni in faɗa wa Mma, in mayar da amsa.

An yi tambayoyi da dama lafiya. Sai likitar ta ce in tambaye ta ko ta taɓa jin gara a ce ba ta raye. Na tambaye ta. Mma ta dubi tafin hannunta ta ce, "Ki gaya mata kullum na buɗe ido da safe haushi nake ji da na farka. Ba don tsoron Allah ba da tuni na huta."

Na juya na ce wa likitar, "Ta ce ta gaji sosai, amma tana gode wa Allah."

Likitar ta daɗe tana kallona kafin ta rubuta. Na yi ta gaya wa kaina cewa tsoro ne ya sa, kada su riƙe ta a can. Da gaskiya a ciki. Amma akwai kunya kuma. Ban iya ɗaukar maganar uwata in miƙa wa baƙuwa da bakina ba.

Likitar ta yi mana bayani a natse. Ta ce ciwon damuwa ne mai tsanani, cuta ce kamar suga ko hawan jini, ba hauka ba ce kuma ba rashin imani ba ne. Ta ce akwai ƙwaya, amma ba ta aiki rana ɗaya, sai an yi makonni ana sha. Akwai zama da mai ba da shawara, mutum ya riƙa fitar da abin da ke ransa ana koya masa yadda zai bi da tunaninsa, kuma haɗa biyun ya fi. Wanda ake tsoron zai cutar da kansa ko ya daina ci, shi ake kwantarwa. Akwai ma wani magani na lantarki da ake yi wa wanda komai ya ƙi yi masa aiki, bayan an sa shi barci. Wannan na ƙarshen ban fassara wa Mma ba. Ta ja mana kunne: ko ta ji sauƙi kada ta daina shan ƙwayar sai likita ta ce.

Sati biyun farko sun yi wuya. Tashin zuciya, jiri, baki a bushe. A cikinsu ne Kawu ya ga katin asibitin a kan taga. Ya aika aka kira ni daga makaranta.

"Ke ce kika kai ƙanwata gidan mahaukata?"

"Kawu, likita ta ce ciwo ne, kuma yana da magani."

"Likita ta ce! Bokonki ya kai ki ki tona mana asiri a Nima. Gobe in aka zo neman aure a gidan nan a ce akwai taɓin hankali a jininmu, likitar ce za ta amsa?"

Na sunkuyar da kai na ce ya yi haƙuri. Amma na kwashe ƙwayoyin na sa a jakata. Kullum kafin in tafi makaranta sai in taka daga Maamobi zuwa Nima, in ba ta da hannuna, in tsaya ta haɗiye.

A sati na shida na kai mata shinkafa da miya. Ta ci loma biyu ta ture kwanon ta ce, "Wannan shinkafar ta caɓe. Haka kike ba mijinki?" Na fita bayan ɗaki na yi kuka har na gode Allah. Wata bakwai rabon da ta kushe wani abu.

Zaman shawarar bai samu yadda aka so ba. Mai yin sa mutum ɗaya ne, masu jira da yawa, sai mu wuni a benci kafin a kira mu, kuma ni dole in nemi izini a wurin aiki. Duk da haka mun je sau biyar. A na uku ne Mma ta faɗi abin da ban taɓa ji ba. Ta ce ba yau ta fara ganin wannan duhun ba, ya taɓa zuwa mata bayan ta haife ni. Wata uku tana shayar da ni ba ta jin komai game da ni, in na yi kuka ji take kamar ta ajiye ni ta bi titi. Surukarta ta ce lalaci ne, ta ɗora mata tulu ta je ɗebo ruwa. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Tana faɗa tana kallon bango, ni kuma ina juya wa mutumin da Turanci, kalma bayan kalma, kamar labarin wata jaririya ce daban. Wannan karon ban rage komai ba. A trotro muna komawa ta riƙe hannuna har muka sauka.

Bayan wata huɗu ta sake hura wuta. Ba kullum ba, kwana uku a sati, amma direbobi sun dawo, muryarta ma ta fara dawowa. Kawu ya yanka ɗan akuya ya raba, ya aika wa malami na biyu da cinya, ya ce aikinsa ne ya ci. Ban yi musu ba. Na ce kowa ya ɗauki yabon, in dai tana shan maganinta.

Lokacin ina da tsohon ciki. Ƙafafuna suka kumbura, aka ce in kwanta a gida har in haihu. Na damƙa wa Mma ƙwayoyinta na wata biyu, ta ce in daina damuwa, ita ba yarinya ba ce. Daga baya na ji yadda aka yi. Gwaggo ta riƙa zuwa tana ce mata mai lafiya ba ya shan magani, ƙwayar nan bautar da mutum take, wanda ya saba da ita ba ya rabuwa da ita har kabari. Kawu ya ce tunda an kori abin, ci gaba da sha rashin godiya ne. Mma ta gaji da ɗauke kai duk sanda suka shigo. Ta zuba ƙwayoyin a kwata.

Da ciwon ya dawo ya fi na farko muni. Ina ta kiran waya ana ce mini tana barci, ko ta shiga wanka. Sun haɗa baki kada a tayar wa mai ciki hankali. Kwana goma da haihuwata na ɗaure ciki na je da kaina. Ta daina ci, ruwa ma sai an ɗura mata. Ban nemi izinin kowa ba. Mijina ya kira tasi, muka ɗauke ta a gaban duk mutanen gidan, sai asibitin ƙwaƙwalwa.

Likitar nan muka samu. Kafin ta tambayi komai na ce mata ranar farko na yi mata ƙarya, na faɗa mata ainihin abin da Mma ta ce. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce ta ga alama a fuskar tsohuwar, amma abin da aka gaya mata shi za ta iya aiki da shi, kuma da ta sani da ta sa ido a kanta fiye da haka tun farko. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Sati uku Mma ta yi a kwance. Aka canza mata magani. Ƙanena ya zo daga Kumasi ya yi kwana huɗu. Kawu bai taka wurin ba ko sau ɗaya. Wanda ya tambaye shi sai ya ce ta tafi arewa ganin dangi. Gwaggo ta aiko da fura a jarka ta hannun mijina, ta ce a gaishe ta.

Yau shekara uku ke nan. Mma tana shan ƙwayarta kullum, duk wata muna komawa a duba ta. Tana ci, tana salla, tana yi wa jikarta wasa. Ta yi ƙiba, hannunta yana ɗan rawa, kuma ba ta koma sana'a ba, ta ce ƙarfin ya tafi. In makwabta suka gan mu da kati a hannu sai ta ce hawan jini ne, su ce Allah ya sawwaƙe, su wuce. Kawu yana zuwa ranar Juma'a ya zauna ya sha shayi, ba wanda ya taɓa tayar da zancen. Ina gaishe shi a durƙushe kamar yadda aka koya mini. Ban yafe masa ba, kuma bai san akwai abin yafewa ba.

Kwanan baya muna tsince shinkafa a tsakar gida ta tambaye ni wane zane ta ɗaura ranar sunan jikarta, wai ta yi ta tunani ta kasa tunawa. Watannin nan duk sun goge mata. Na ce mata ba ta zo ba, tana kwance lokacin.

Ta ajiye faifan. "Jikata ta fari?"

"E, Mma."

"Wa ya yi mata wanka?"

Na ce uwar mijina ce. Ta gyaɗa kai, ta ɗauki faifan ta ci gaba da tsinta. Can ta ce in duba mata ko akwai hoton taron a wayata, tana so ta ga su wa suka zo.