Malam Shitu da Shanun da Suka Tsallako Iyaka

Duk wanda ya taɓa kwana kusa da tashar motar Funtuwa ya san ƙarar babur ɗin Malam Shitu, malamin dabbobi. Ba ƙara ce mai daɗi ba. Da an sallame sallar asuba zai turo shi waje, ya yi ta harbinsa yana lallashi kamar mai fama da jakin da ya ƙi tashi. Zangonsa na farko shagon Mama Morenike ne, Bayarabiyar nan mai sayar da lemon kwalba a bayan tasha, domin ita ke da firji mai aiki da kananzir, wanda babu ruwansa da ɗauke wuta. Nan zai cika fulas da ƙanƙara, ya jera kwalaben rigakafin shanu a ciki, ya naɗe da jiƙaƙƙen buhu. Maganin nan ba ya shiri da zafi ko kaɗan, in ƙanƙara ta narke aikin ranar ya lalace.

"Shitu, yau ma shanu za ka kai wa ƙanƙarata, masu sayen lemo su sha da zafi?" in ji Mama.

"Haba Mama, ai nonon da jikokinki ke sha daga wurinsu yake."

"Ɗauka ka tafi, kada ka cika mini kunne."

Haka suke yi kullum, kuma ba ta taɓa barinsa ya tafi da rabin fulas ba. Daga nan sai rugage, yau Maska, gobe Kafur, jibi bayan Malumfashi. In ya yi wa saniya allurar ciwon bushiya, annobar nan mai kashe shanu, sai ya huda mata kunne da wani ƙarfe mai barin shaida kamar ganye uku a haɗe. Allurar sau ɗaya ake yi, ta ishi saniya har tsufanta, shaidar kuwa ita ke nuna an riga an yi.

A watan nan ne Malam Shitu ya ajiye aiki. A watan nan ne kuma rediyo ta cika da zancen ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, wadda muke kira ECOWAS: ina ta dosa, kuma wane matsayi za ta samu a idon duniya? A teburin mai shayi an yi gardama har shayi ya huce. Wasu na cewa kuɗi ɗaya za a yi, wasu na cewa ai zance ne kawai na masu manyan riguna. Ni dai duk lokacin da aka tayar da maganar, wata rana ce a fadamar Maska ke faɗo mini, kuma waɗanda suka gani da idonsu suna nan da ransu.

Shekarar 1983 ce, shekarar da bushiya ta dawo bayan har an fara mantawa da ita. Saniya za ta wayi gari tana hawaye tana dalalar da miyau, kafin mako ya zagayo ta kwanta. Makiyaya sun firgita ƙwarai. A shekarar ne kuma aka ce baƙin da ba su da takardun zama su bar ƙasa, saboda haka kowa idonsa na kan baƙo.

Ana cikin wannan hali wani makiyayi mai suna Sada ya sauka a bakin fadamar Maska. Daga wajen Dakoro ya fito, can cikin Nijar, rashin ciyawa ne ya koro shi kudu da iyalinsa da garkensa, wanda shi ne duk abin da ya mallaka a duniya. Ranar da Malam Shitu ya iso don yi wa shanun Maska allura, sai ya tarar da taro. Ardo Rabe, shugaban makiyayan wurin, yana tsaye da mutanensa riƙe da sanduna, sun ce baƙon ya tashi kafin la'asar.

Malam Shitu ya san abin da tashin nan ke nufi. Burtalin da Sada zai bi ya ratsa ta garuruwan da cutar ta riga ta ci, in maruƙansa suka shiga can, ko ɗaya ba zai fita ba. Ya dubi fulas ɗinsa. Rana ta fara zafi, buhun ya soma bushewa, maganin kuma ba zai ishi garke biyu ba in kowace saniya za a soka. Duk da haka ya kafe babur a gindin kuka, ya yi sallama kamar bai ga sanda ba.

"Malam, gara da ka zo," in ji Ardo Rabe. "Yau duk shanunmu za ka soke, manya da ƙanana, har waɗanda ka taɓa yi wa. Wancan kuwa ya kama gabansa. Su suka kawo mana masifar nan."

Sada ya matso a ɗarare. "Malam, mi na yi musu? Wallahi shanuna lahiya lau suke. Ciyawa na biyo, ban zo da sharri ba."

"Ranka ya daɗe, Ardo," in ji Malam Shitu, "kafin a kore shi, zo mu leƙa dukiyar tasa. Kai ka fi ni sanin saniya mai ciwo."

Wane Ardo ne zai ji wannan ya ƙi? Ya gyara rawani, ya shiga garken baƙon yana harare-harare. Ya buɗe bakin wannan, ya duba idon waccan, bai ga komai ba. Can ya kama kunnen wata tsohuwar saniya ja mai dogayen ƙahoni don ya juya kanta, sai ya tsaya cak. Ganye uku ne a kunnen, sak irin na shanunsa. Ya kama ta biyu, ya kama ta uku, duk haka.

"Shitu! Yaushe ka je Nijar?"

Malam Shitu ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Ban taɓa taka ta ba, Ardo. Akwai wani irina a can, da nasa fulas ɗin. Shekarun baya, tare ƙasashenmu suka ɗaura yaƙi da cutar nan, allura ɗaya, shaida ɗaya. Manyan shanunsa sun tsira kamar yadda naka suka tsira. Maruƙa ne ke cikin haɗari, nasa da naka. In ka yarda na bar masu shaida, maganin zai ishe ku duka. In kuma ka kore shi, cutar za ta ci nasa a hanya, ta ƙoshi, ta juyo kanka."

Ardo Rabe ya daɗe riƙe da kunnen saniyar. Sannan ya juya ga mutanensa ya daka musu tsawa, kamar ba shi ya tara su ba: "To me kuke kallo? Ku ajiye sandunan nan ku kama masa maruƙa, ƙanƙarar Malam na narkewa!"

Waɗanda suka zo kora su suka yi ta kokawa da maruƙan baƙo, ana faɗuwa cikin kashin shanu ana shewa. Kafin azahar an gama garke biyun. Aka ware wa Sada gefen fadama ya zauna shi kaɗai har aka tabbatar babu ciwo tare da shi. Bushiya ta yi ɓarna a ƙasar nan a shekarar, Allah ya kiyaye mu da ganin irinta, amma garken Sada ya koma gida da damina cif, har da ƙarin waɗanda aka haifa a Maska.

Kai ne ka yi wannan, Malam Shitu, ba tare da ka ɗaga murya ba. Kai ne ka bar wa dattijo girmansa, ka sa shi ya gano gaskiya da hannunsa. Mai allura ɗaya, mai garke dubu, mun gani kuma ba mu manta ba.

Da na tambayi Malam Shitu ra'ayinsa kan gardamar teburin mai shayi, sai da ya yi ta noƙewa, wai shi ba ɗan siyasa ba ne. Daga baya ya ce, "Ni abin da nake fata, ƙungiyar nan ta sa a riƙa yin rigakafi lokaci ɗaya daga bakin teku har bakin hamada, kada wata ƙasa ta yi wata ta bari. Barin da aka yi ne ya dawo mana da bushiya. In shanunmu suka zama masu lafiya gaba ɗaya, duniya da kanta za ta zo sayen nama da fata a wurinmu, mu ma mu zauna a yi ciniki da mu, ba kullum mu je neman taimako ba." Ya faɗi haka yana goge sirinji, kamar mai maganar farashin gero.

Ranar walimar ajiye aikinsa, ana tsakiyar cin tuwo sai ga wani dogon mutum da rawani har hanci ya yi sallama. Sada ne, gemu ya yi fari. Labari ya kai masa ta bakin fatake, ya hau mota tun daga Dakoro. Ardo Rabe ya rungume shi har sandarsa ta faɗi. Da aka natsa, Sada ya dubi jama'a ya ce, "An ce mini Najeriya ta gama da mutumen ga. To mu ba mu gama ba. Matasanmu na son su koyi aikin ga, ni kau na ce musu na san inda malami yake. Aronshi na zo."

Wuri ya kaure da dariya da tafi. Hawaye suka zubo wa Malam Shitu. Daga cikin gida aka jiyo muryar matarsa Ladidi tana cewa, "Ku tafi da shi! Dama tunani nake yadda zan yi da shi in ya wuni a gida."

Mun gode, Malam Shitu. Allah ya saka maka da alheri, ya sa wahalar da ka sha a rana ta zame maka inuwa gobe. Ku kuma matasa masu shiga aiki, ko na dabbobi ne ko na mutane, in wata rana maƙwabci ya tsallako da buƙata, ku je ku duba da idonku kafin a ɗauki sanda, yadda dattijon nan ya yi. Jibi zai hau motar Maraɗi tare da Sada. Allah ya kai ka lafiya, Malam, ya kuma dawo mana da kai, don mu ma ba mu gama da kai ba.