Ranar da Drahomira Ta Buɗe Lema

Drahomira ta bar ƙauyensu tun tana budurwa, ta shigo birnin Prag da akwati guda da baki mai kaifi. Wanke-wanke ta yi a gidan abinci har furfura ta fito mata, kuma a can gida sunanta ke nan, Draha mai kwanuka. Abin yana yi mata ciwo ƙwarai. Shi ya sa da ta yi ritaya ta shiga ajin masu zagayawa da baƙi, ta haddace tarihin gadoji da majami'u, aka ba ta shaida, ta sayi jar lema.

A wannan sana'a lema tuta ce. A naɗe ake ɗaga ta sama, ayari ya bi. Ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, jagora ba ya buɗe tasa.

Kwatsam sai ga labari, tsofaffin ƙauyensu sun ɗauko hayar bas za su zo ganin birni, kuma ita suke so. Draha ta kasa zaune ta kasa tsaye. Burinta ɗaya, ta tsayar da su gaban tsohon agogon dandali da tsakar rana, su ga tagoginsa sun buɗe 'yan gumaka suna wucewa, su san ba zaman banza ta yi a garin nan ba.

Da ranar ta zo, suka sauko daga bas da jakunkuna cike da kolace, gurasar garinsu mai zaƙi, ana ta shewa. Vendelin, wanda suka yi firamare tare, ya kalle ta sama da ƙasa.

"Ke Draha, yau wa kika bar wa kwanukan?"

"Kai na bar wa, tsohon banza. Bi lema, kada ka ɓace mini."

Ta ja su ta kan gada, baki bai huta ba, daɗi kamar ya kashe ta. Suna shiga lungun da ke kaiwa dandali ruwa ya tsuge. Kvetuse, wata tsohuwa mai dogara sanda, ta hau rawar sanyi. Draha ba ta tsaya tunani ba, ta buɗe lemar ta rufa mata. Ko da ta ɗago kai, lemomi sun cika lungu, mutanenta ko sama ko ƙasa.

Sai can bakin kogi ta same su, sun bi wani saurayi mai jar lema a naɗe. Yana ta zuba Sifaniyanci, su kuwa sai gyaɗa kai suke. Kafin ta dawo da su dandali agogo ya gama wasansa, jama'a na watsewa. Kunya ta rufe ta, idonta ya ciko.

Vendelin ya ce, "Wai sau ɗaya yake yi a shekara?"

"Kowace awa."

"To kukan me? Tun asuba muka taso don mu ji bakin nan naki. Buɗe shi, muna nan."

Nan suka tsaya cikin yayyafi, ana miƙa kolace hannu zuwa hannu, Draha na ba su labarin kowane gini da ke kewaye da su. Aka yi mata tambayoyi har muryarta ta dishe. Da ƙarfe ɗaya ta buga, tagogi suka buɗe, tsofaffi suka saki baki. Ita fuskokinsu take kallo.

Kvetuse ta damƙe hannunta ta ce, "'Yar uwa, in mun koma gida ni zan fara faɗa musu. Garin nan naki ne."