Siginar Motar Mati

Da motar masarar ta tsaya a gaban rumfar Dayo a bakin tashar Malumfashi, wasu gutsattsarin tsaba suka zubo daga ƙarƙashinta. Dayo kaɗai ya gan su. Hankalin kowa yana kan mutum ukun da suka sauko ba sallama.

A garin nan aka haifi Dayo. Uwarsa ta zo daga Ogbomosho tana sayar da kwanuka, shi kuma ya tashi a gindin motoci har ya zama mai gyaran wayar mota. Hausar Malumfashi ce a bakinsa, amma ran da rai ya ɓaci, Bayerabe ake ce masa.

“Bayerabe, aikinka ya karya mutum,” in ji Mati direba.

A hanyar Funtua, mai babbar mota shi ne idon na bayansa. In ya kunna siginar hagu, kada ka wuce, mota na tafe. In ya kunna ta dama, hanya ta yi kyau. Da safen nan Kamalu, ɗan acaɓa, yana bayan motar Mati, ya ga siginar dama tana ƙiftawa, ya fito zai wuce, sai ga bas. Yanzu yana asibiti da karyayyar ƙafa. Mati kuwa ya rantse hagu ya kunna.

“Makon jiya kai ka taɓa fitilun nan,” in ji Alhaji Awaisu, shugaban direbobin tashar. “In hannunka ne, Malam Dayo, yau ka bar rumfar nan, kuma gaba sai ofishin ’yan sanda.”

Na ukun yayan Kamalu ne. Ya tsaya a bakin rumfar, ya tare hanya.

“Ranka ya daɗe, a kunna mu gani,” in ji Dayo.

Mati ya hau ya kunna hagu. Ta gaba ta ƙifta a hagu. Suka zaga baya: hagu shiru, dama ce ke ƙiftawa. Wani cikin ’yan kallo ya yi salati.

“To ka gani. Ka haɗa su a juye,” in ji Alhaji.

Dayo ya kwanta ya shige ƙarƙashin motar. Ga baƙin tef ɗin da ya naɗa da hannunsa. Ya tuna ranar ana kiran sallar la’asar, Mati na ta yi masa hon. Ko ya yi gaggawa?

“Alhaji, sunkuyo. Ba na so a ce na gyara a ɓoye.”

Alhaji ya tattare babbar rigarsa ya durƙusa. Dayo ya warware tef ɗin a hankali. Koriya da koriya, ruwan ɗorawa da ’yar uwarta. Haɗin lafiya lau.

“To daga ina?” in ji Alhaji.

Dayo ya bi wayoyin da yatsa cikin ƙarfen gindin motar, wajen da tsabar ta zubo. Hannunsa ya faɗa cikin tarin yagaggen buhu da kashin ɓera. Nan wayar hagu ta yanke, an gwigwiye ta, bakinta mai wuta ya kwanta kan ta dama, wadda ita ma an cinye mata roba.

“Mati, ina motar ke kwana?”

“Gaban rumbun maigida, a Tsiga. Da lodi a kai.”

Alhaji ya daɗe yana kallon wayar. Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa.

“Zo ka gani da idonka,” ya ce wa yayan Kamalu.

Mutumin ya sunkuya, ya taɓa sawun haƙoran. Ya tashi ya dube su. “To wa zan kama?”

Alhaji ya ce ƙungiya za ta je asibiti da yamma, Mati kuma ya tafi tare da su. Bai ba Dayo haƙuri ba, cewa kawai ya yi a gyara wayar kafin motar ta motsa.

Dayo ya sauya wayoyin, ya zura su cikin tiyon roba. Sannan ya wanke hannu da sabulu, ya ja babur ɗinsa ya tafi ɗauko ’yarsa Fathia daga makaranta.