Tukunyar Dafa Tsirkiya

A Yamai na fara ganin ana dafa tsirkiyar gita a cikin tukunya. Daga baya na ga ana yin haka a Kumasi da Abijan, har da wani ɗan ɗaki a Faransa, amma ta Yamai ce ta zauna mini a rai. Shekarun fari da yunwa ne, soja ke mulki. Babbar Kasuwa ta ƙone, an kwashe 'yan kasuwa zuwa Wadata, kuma ko ka zagaye rumfunan duka ba za ka sami sabuwar tsirkiya ba, balle ta bas, wato babbar gitar nan mai tsirkiya huɗu masu kauri, wadda amonta ke bi ta ƙasa ya shiga ƙirji. Idan gumi da dattin hannu suka cika tsirkiya sai muryarta ta dushe. Sai a kwance ta, a naɗe, a tafasa da ɗan kanwa, a shanya ta bushe sarai, a mayar. Muryar takan dawo, ta yi ɗan kwana biyu.

Ni a lokacin ina aikin fassara a wani biro, wato ofishi, na gwamnati. Asabar da Lahadi kuma ina riƙe ƙaramar gita a wata 'yar ƙungiyar kiɗa ta ma'aikata. Shugabanmu akawu ne mutumin Damagaram, Shef muke ce masa. Mai bas ɗinmu direban kamiyo ne, wato babbar motar kaya, daga Maraɗi, dogo, mai faɗin tafin hannu, ba ya yawan magana sai in yana cikin 'yan'uwansa masu bas.

Masu bas na Yamai ba su da yawa, duk sun san juna. Ran Lahadi da hantsi sukan haɗu a Tondibiya, bakin kogi, wanda a shekarar ya janye har ana tsallaka wasu wuraren da ƙafa. Su gasa kifi in an samu, su yi musayar tsofaffin tsirkiyoyi, su yi ta hira. Direban yakan tafi da ni. A wurinsu kowa bas ɗinsa matarsa ce. Gaisuwarsu ke nan:

"Ina uwargida?"

"Tana gida, na jingine ta. Jiya ta sha matsa."

"Haka ake yi. In ka sassauta mata sai ta raina ka."

Wanda bugunsa ya yi sanyi sai su ce hannun lalle gare shi. Irin gitata mai siririyar murya kuwa, 'yar yarinya mai tsegumi suke kiranta. Dokokinsu biyu ne. Ba a shiga wurin mai bas a ƙungiyarsa in ba ya nan, don gidan wani ne. Mace kuma ba ta taɓa bas, don hannunta yana kashe tsirkiya.

Wata rana na ce musu na zauna a Abzin, kuma a can goge na mata ne, namiji ba ya jan sa, sai dai ya zauna ya saurara. Babbansu, wani tela Bazabarme mai furfura, ya ce, "Goge ai tsirkiya ɗaya ce, Malam. Mu huɗu muke riƙewa, iyakar abin da aka halatta wa namiji." Aka yi dariya, ni ma na yi. Na ji irin wannan hira da Faransanci a Abijan, na ji ta da Turanci a Kumasi. Harshen ne ke sauyawa, hirar kuwa ɗaya ce, har da yadda ake shafa ƙugun gitar in ana yin ta.

Matar direban tana Maraɗi wajen iyaye. A gidansa na bayan kasuwar Wadata ƙanwarsa ce ke zaune da shi, malama a wata lakwal ta firamare. Na taɓa tambayarsa wa ke dafa masa tsirkiya. Ya ce, "Yarinyar nan mana. Girki ai nasu ne. Tsirkiya in tana tukunya ba kayan kiɗa ba ce."

Wata rana bayan la'asar na je gidan direban don aron wayar ampili, akwatin nan da ke ƙara wa gita murya. Tun daga zaure na ji wani amo a hankali, kamar ana gunji a cikin randa. Na yi sallama, aka amsa. Na tarar da ƙanwar tasa a gindin bishiyar dogon yaro, bas ɗin a kan cinyarta, tukunya a kife a gefe tana tsanewa. Ba ta ɓoye ba, ba ta ma ajiye ba.

"Shigo, Malam. Yaya ya fita."

Na ce, "Ashe ana taɓawa?"

Ta ce, "In na dafa, ni ke mayarwa. In na mayar, sai na ji ko kowace ta zauna daidai. Yaya yakan dawo ya tarar da ita a jingine. Bai taɓa tambayar wa ya ɗaura ba."

Waƙoƙinmu duka ta iya su, ta bango ta koya in yana gwaji. Amma ba irin bugunsa take yi ba. Shi yana cika ko'ina, ita tana barin fili tsakanin amo da amo. Ta ce haka uwarsu ke kiɗan ƙwarya a biki: a buga, a bar ruwan ya amsa. Na karɓi wayar na tafi, ban gaya wa kowa ba.

Fari ya tsananta. Mutanen arewa suka yi ta sauka a gefen gari da 'yan tabarmi da sauran awaki. Aka tara direbobin gwamnati aka tura su arewa da jar dawa ta taimako, har da namu, ba a kuma faɗi ranar dawowa ba. Cikin haka aka shirya wasa a filin gidan samari na unguwa, da la'asar, kuma maimakon tikiti kowa zai zo da kwanon hatsi don waɗanda suka sauka gefen gari. Aka sa ƙungiyarmu cikin masu wasa. Kiɗanmu kuwa ba ya tsayuwa ba bas.

Shef ya bi masu bas ɗaya bayan ɗaya. Kowa amsarsa ɗaya: "Mai gida ba ya nan, ba na shiga." Sai na je na tambayi malamar ko ta yarda in ambace ta. Ta ce in ambata.

Da na faɗa wa Shef, ya dube ni ya ce, "Malam, ka yi yawo da yawa, yawon ya taɓa ka." Duk da haka ya ce ta zo gwaji, don ba shi da wani.

A zauren Shef muke gwaji. Ta zo da bas ɗin a naɗe cikin zane. Muka ɗauki waƙa mai sauƙi, sannan mai wuya. Mai ganga, wanda kullum shi da direban ke rigima a kan wa ke gudu wa ke ja, bai ɗaga kai ba ko sau ɗaya, alamar bai ji abin gyara ba. Da muka tsaya Shef ya daɗe yana goge tabarau.

"Ba laifi," ya ce. "Ga yadda za a yi. Bayan dandamali akwai tampol. Ki zauna can, mu ja miki doguwar waya. Mai girgiza mana caki ya riƙe tsohuwar bas ɗin nan da ta mutu, ya riƙa motsa yatsu. Ba wanda zai gane."

Ta ce, "Shef, in hannuna yana kashe tsirkiya, tampol ba zai hana ba. In ba ya kashewa, me ake ɓoyewa?"

"Malama, mutuncinki nake karewa. Mace a kan dandamali da gita a ƙugu, kin san sunan da za a ba ki a garin nan."

"Na sani. Kullum ina tsaye gaban yara da iyayensu, ba a taɓa sa mini labule ba. In zan buga, inda Yaya ke tsayawa zan tsaya. Kuma ba na ranar kaɗai nake so ba. In ya dawo, a bar mini ko waƙa biyu a kowane wasa."

Shef ya ce tsayuwar ya yarda, tunda ba yadda zai yi. Maganar waƙa biyu kuwa, sai yayanta ya dawo.

Ranar wasan ta zo da zane da kallabi kamar mai zuwa suna, hannayenta sun sha lalle har wuyan hannu, ya kama ya yi baƙi. Na san da gangan ta ƙunsa, don hirar Tondibiya takan biyo yayanta gida. Ta tsaya can baya kusa da mai ganga. Ba a cika kallon mai bas ba, don haka waƙar farko ta wuce ba wanda ya lura. A ta biyu ne matan da ke tsaye wajen buhunan hatsi suka fara nuna ta da baki, wata ta rangaɗa guɗa. Wani hafsan soja a kujerar gaba ya waiwaya ya ga abin da ake wa guɗa, ya juyo ya ci gaba da kaɗa ƙafa. Masu bas suna jingine da katanga, hannuwa a harɗe. Ita kuwa idonta na kan ƙafar mai ganga har muka gama.

Bayan an tashi telan nan mai furfura ya zo inda take naɗe bas ɗin. Mutum ne mai son gaskiya a kan kiɗa, ba ya iya jin abu mai kyau ya yi shiru.

"Fofo, Malama," ya ce, yana gaishe ta da Zabarmanci. "Kin buga kamar namiji."

Ta buɗe masa tafukanta. "Da waɗannan na buga, Baba."

Ya dubi lallen, ya yi dariya. "To lallen ne ya ɓata hanya, ya faɗa hannun maza."

Iyakar yabon da yake da shi ke nan, kuma da zuciya ɗaya ya ba ta. Ta ce ta gode.

Mun yi wasu wasannin da ita kafin direban ya dawo. Ya dawo a rame, ya ƙara shiru. Ya ba ni labarin shanu a kwance gefen hanya, da mata masu tsince ƙwayar dawa da ta zuba daga kamiyo. Ran Lahadi ya ce mu je Tondibiya ya ɗan sha iska. Tun kafin ya zauna suka fara.

"Sannu da hanya. Ka tarar da uwargida lafiya?"

"Ai ba ta yi kewa ba. An ce ta fi sakin murya a hannun ƙanwarka."

"Sai ka nemi lalle kai ma, ko ta dawo gare ka."

Bai yi dariya ba. Kifin ma bai ci ba.

A gwaji na gaba dukansu biyu suka zo. Shef ya ce magana tana hannun mai wuri. Direban ya ce abin da aka yi larura ce, ya gode, yanzu ya dawo.

Ta ce, "Yaya, waƙa biyu kawai."

"A ɗaki ki buga ko ashirin, ban hana ba. Amma ba za a riƙa yi da ni a Tondibiya ba."

Na ce ni ban ga abin da waƙa biyu za su rage masa ba, mai ganga ma ya ce haka. Direban ya ce, "Malam, kai 'yar yarinya kake riƙewa, ba ka san wannan ba." Shef ya dubi ƙasa. Ta tashi ta gyara kallabinta, ta yi mana sai an jima. Ba ta ƙara hawa dandamali da mu ba, kuma har aka yi mata canjin aiki zuwa Tawa ban ji ta hau da wasu ba.

Kafin tafiyar tata, muryar bas ɗin ta dushe kamar yadda ta saba. Muka yi gwaji biyu tana amsawa kamar an toshe mata baki da tsumma, Shef ya ce wa direban ya yi wani abu. Da yamma na bi ta gidan. Na tarar da shi tsugune gaban murhu, rigarsa a naɗe, hayaƙi ya cika masa ido. Tsirkiyoyin huɗu suna cikin tukunya. Ita tana kan tabarma gindin dogon yaro tana duba littattafan yara.

Ya ce mini, "Ka ga abin da take yi mini."

Ta ce, "Hannuna yana kashe tsirkiya, Yaya. Ba na so in ƙara yi maka ɓarna."

Ya hura wutar, ya yi tari. Ya ɗauki ƙullin kanwa ya juya shi a hannu.

"Ke, yaya ake sa wannan? Kaɗan ko da yawa?"

"Ka tambaya a Tondibiya."

Sai ya juyo gare ni. "Malam, kai da ka zaga duniya, yaya ake sawa?"

Na ce ban sani ba, kuma gaskiya ban sani ba. Ya ɗebo cikin hannu, irin tafin hannunsa, ya zuba. Tukunyar ta taso da kumfa, ta malalo ta kashe rabin wutar. Ya sake durƙusawa yana hurawa. Ita kuwa ta ja wani littafin daga cikin tarin, ta buɗe.