Hambali Mai Dutsen Yumɓu Ya Riga Mu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, da hantsi, ina cikin aji aka leƙo aka ce mini Allah ya yi wa Hambali mai raba ruwa rasuwa, bayan jinyar kwana tara. Kafin azahar mun kai shi makwancinsa a ƙauyenmu da ke tsakanin Kura da Bunkure. Lokacin ɗiban tumatir ne, lokacin da manomi ba ya barin gona, amma sai da aka bar kwanduna a bakin kanal ɗin ban ruwa aka taho. Na tsaya a sahu na uku ina duban jama'a, kuma Allah ya gani, tambayar da ta fara zuwa zuciyata ita ce, ni ranar tawa wa zai bar tumatirinsa?

Haka nake da kai, Hambali, tun muna yara. Ni Fatihu na yi boko har na zama malamin labarin ƙasa, kai ka tsaya a firamare ka kama buɗe ƙofofin ruwa kana raba wa manoma. Ba a taɓa jin ka hana talaka ruwa don mai babbar gona ba. Shekarar da shinkafar Iya Murja ta kusa ƙonewa, kai ka bar mata ranar ruwanka, taka gonar ta sha ƙishi. Ina jin ana yabonka, ina cewa madalla, a zuci kuwa ina kishinka.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne dutsen da ke bayan gari, wanda muke kira Maikunne. Ni nake kai ɗalibai su hau duk shekara, da taswirar da na zana a takarda, layi ja daga gindi har ƙoli. Kai kuwa ka ɗebo yumɓu a bakin kanal, ka gina dutsen sukutum a kan faifan katako, tsayinsa bai wuce gwiwa ba. Ga tsagar da ake cusa hannu, ga kunnen da ya leƙo waje, ga loƙon da ke ɓoye a bayansa wanda takardata ba ta da inda za ta sa shi. Mai son hawa sai ya zagaya ginin, ya bi hanya da yatsa kafin ya bi ta da ƙafa. Sannan ka ɗauko buta ka tsiyaya ruwa a ƙoli, ka ce, "Ku duba inda ya bi. Duk inda ruwa ya bi, da damina gansakuka ce. Kada ku taka." Mai raba ruwa kaɗai zai yi wannan tunani. Ni da digirina bai taɓa zo mini ba.

Ɗalibaina suka fara zamewa gidanka kafin ranar hawa. Makiyayi in akuyarsa ta maƙale a sama, wurinka yake zuwa ka nuna masa ta inda zai ɓullo mata. A majalisa na taɓa cewa aikinka wasan yara ne, ginin 'yar tsana. Ka yi dariya tare da masu dariya, ka miƙo mini goro.

Shekara biyu da suka wuce wasu matasa suka zo daga birni da ɗan jirgin ɗaukar hoto. Suna haɗa taswirar duwatsu irin wadda ake juyawa a waya, a ga tudu da kwari ta kowane gefe, don masu sha'awar hawa. Suka tambayi wanda ya san Maikunne, aka turo su makaranta. Hanyar da na nuna musu taka ce, wadda ta zagaya bayan kunnen, a gininka na haddace ta. Suka ce wane suna za a sa mata. Bakina ya buɗe zai ce Hambali, sai na ji ya ce, "Duk yadda kuka gani." Suka rubuta Hanyar Malam Fatihu, ban hana ba.

Mai kwaikwayo ba ya kwashe komai. Na ba su hanyar rani, na manta da butar. Damina na sauka, wani ma'aikacin lafiya mai suna Mudassiru ya zo da abokansa, ya bi layin da ke wayarsa, ya taka inda ruwa ke bi, ya zame ya karye a cinya. Kai ka hau da igiya cikin yayyafi ka sauko da shi a bayanka. Washegari ka turo dutsen yumɓunka a baro har ƙofar gidana, ka tsiyaya ruwa, ka ce, "Malam, ka gaya wa mutanen nan su karkata layin ta nan. Kai suke jin maganarka." Na gaya musu, suka gyara. Sunan kuwa na bar shi yadda yake, ina lallashin kaina cewa ba ka riƙe babbar waya, ba za ka taɓa gani ba. Tun daga lokacin babu wanda ya sake faɗuwa, kuma duk wanda ya sauko lafiya ni yake nema ya gode wa.

Sau nawa na zauna a tabarmarka da la'asar da niyyar in faɗa maka? Sai in ce gobe. Da ka kwanta ciwo na zo sau biyu, muka yi hirar farashin taki.

Ranar addu'ar uku na kasa daurewa. Na roƙi ƙaninka Hashimu ya raka ni bakin ƙofar matarka Saude, na faɗi komai daga bayan labule. Sai ta ce, "Ai ya sani, Malam. Tun makon da aka sa sunan, ɗanmu Nasiru ya nuna masa a waya. Shi Maigida ya ce kada kowa ya kuskura ya gaya maka ya sani, don za ka ji kunya ka daina zuwa hira."

Har a nan ma ka fi ni, Hambali. Na zo in yi maka kuka, na tarar ina kishin zuciyar da aka binne ka da ita. Na rubuta wa matasan nan, sun amsa za su mayar da sunan Hanyar Hambali. Na sani gyara ne da ya zo bayan mai shi ya tafi, kuma na rubuta wannan ne don duk wanda ya taɓa gode mini ya san inda zai kai addu'arsa.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka, ya shayar da kai daga tafkin Alkausara. Ya sa duk ƙafar da ta sauko daga Maikunne lafiya ta zama sadaka mai gudana a gare ka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Saude, da Nasiru da 'yan'uwansa, da Hashimu, da manoman da suka rasa mai raba musu ruwa da gaskiya. Allah ya ba ku haƙuri, ya sa mu cika da imani. Ni kuma ku taimaka ku yafe mini, tunda shi ya riga ya yafe, bai ko bari na roƙa ba.