Farantin Tsakiyar Rufin Ɗakin Hajiya

Jama'a, wannan labarin ba a bakin wani na ji shi ba, ni ya faru da ni, da rana tsaka, idona biyu, kuma wallahi ban ƙara masa gishiri ba. A cikin garin Daura ne, can tsohon gari inda lungu yake matsewa har baro ba ya wucewa sai an karkata shi, shekarar da aka fara shari'a a jiharmu ko wadda ta biyo bayanta, na manta takamaimai. Lokacin ban daɗe da dawowa daga Kano ba, inda na yi shekaru ina koyon gyaran gida irin na zamani, filasta da tayil da fenti da silin mai ado. Ba yabon kai ba, a wancan lokacin in ka shiga gida tsakanin Daura da Sandamu ka ga ya ƙayatar da kai, to tambaya, hannuna ne. Mahaifina maginin ƙasa ne, Allah Ya jiƙansa, na taka masa kwaɓi ina ƙarami, amma da na ga siminti sai na raina sana'arsa, har ba na so a ce mini ɗan magini.

Wani ɗan kasuwar hatsi ne ya kira ni, Alhaji Sabi'u. Mahaifiyarsa ta tafi aikin Hajji, yana so kafin ta sauka a gyara mata tsohon gidansu na gado, ta dawo ta kasa gane shi. Iyalin gidan duk an kwashe su zuwa wajen 'yan uwa, ba kowa ciki sai ni da leburana Haruna, wani magidanci mutumin Zango da ya girme ni, sai kuma Malam Idi mai wankin hula da yake zama a zaure tun safe har yamma. Ƙofar gidan ɗaya ce tak, ta zauren nan, ku riƙe wannan.

Aiki kuwa na yi shi, ba ƙarya. Bangon ƙasa ba a watsa masa siminti haka kawai, ɓamɓarewa yake yi bayan damina biyu, don haka sai da na kafe shi da ƙusoshi da ragar waya sannan na yi filasta. Tagogin nan ƙanana da ko kan mutum ba ya shiga na faɗaɗa su, haske ya shigo. Tsohon ƙyauren katako mai ƙusoshin ƙarfe, wanda Alhaji ya ce a kai wa masu tuya su hura wuta, na kankare shi na shafa masa mai, sai ga shi ya fi sabo kyau, shi da kansa ya ce a mayar. Na ɗaga daɓen ɗakuna na shimfiɗa tayil, na gyara kwatar tsakar gida, na yi wa rijiya baki da murfi. Gadon ƙarfen Hajiya mai rumfa na sake masa fenti, jeren kwanukanta na sa kafinta ya yi musu kabad mai gilashi. Saura abu ɗaya, wanda da shi na cika baki a majalisa: silin ɗin ɗakin Hajiya, irin wanda ba a taɓa gani a unguwar ba.

Ɗakin soro ne mai tsawo ƙwarai, an ɗaure rufinsa da bakuna huɗu, wato ginshiƙai masu lanƙwasa irin ta bakan gizo, da suka taso daga bango suka haɗu a tsakiya, a daidai mahaɗar kuma an manna wani farantin tangaran mai zanen shuɗi, hayaƙin shekaru ya dushe shi. Ranar da Alhaji ya zo dubawa ya ɗaga kai ya ce, "Wancan farantin fa, na mene ne?"

Na ce, "Ado ne na mutanen da, Alhaji."

Ya ce, "Ado ko tsubbu? Ka san mutanen da da binne-binne. Yanzu an shiga shari'a, ba na son wani ya shigo yi wa Inna barka ya fita yana cewa akwai shirka a gidanmu. Rufe shi da silin ɗinka kowa ya huta."

Ni da ma abin da nake so ke nan, na ce an gama.

Ranar wata Talata da hantsi, zafin bazara kamar ya dafa mutum, na aiki Haruna kasuwa sayen ƙusa, ina tsaye a kan katakon da muka gitta bisa durom-durom ina kafa katakan da za su riƙe silin, sai na ji sallama a bayana. Na amsa na waiwaya. Wani tsoho ne gajere, da 'yar shara da ta koɗe, ya naɗe wando zuwa gwiwa, ƙafafunsa duk ɗanyen kwaɓi. Abin da ya fara ɗaure mini kai ke nan, don ba a kwaɓa ƙasa a gidan ba, yashi da siminti kawai muke aiki da su. Ɗakin kuma ya ɗauki ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da makuba, ɓawon ɗorawar nan da ake haɗa yaɓe da shi, irin wanda rabona da shi tun ina bin mahaifina. Ya dafa bango da hannun hagu, na lura ba shi da ƙaramin yatsa a hannun.

Ya ce, "Sannu da aiki, ɗan magini."

Na ɗan ɓata rai, na ce, "Yauwa Baba, sannu. Wa kake nema?"

Ya ce, "Aikinka na zo gani. Da tsabta, ba laifi. Amma in ka rufe farantin nan, wa zai gaya maku in rufin ya gaji?"

Na yi dariya, Allah Ya yafe mini, na ce, "Baba, faranti ne zai gaya mana?"

Bai yi fushi ba. Ya ce, "Ba ado ba ne, ba kuma tsafi ba ne. Tangaran ba ya jure motsi. In baka ya fara sauka, ko da kaurin akaifa ne, shi yake fara tsagewa, mai ɗaki ya gani ya kwashe iyalinsa. Don haka ake sa shi. Goge shi ka duba mani."

Don in kunyata shi kawai na ɗauki tsumma na miƙe na goge. Kai jama'a! Ga tsaga nan siririya ta taso daga baki ta nufi tsakiya, cikinta fari tas, alamar sabuwa ce. Ina ɗora yatsa a kai na ji ƙas, tsagar ta ƙara tafiya a ƙarƙashin yatsana, ƙasa ta ɗan zubo mini a ido. Na murza ido na juyo ina cewa, "Baba, da gaskiyarka," sai na ga ba kowa.

Na diro na fita tsakar gida, ba kowa. Na leƙa sauran ɗakuna, na leƙa bayi, har rijiya na buɗe, don ruɗewa. Na zo zaure na ce wa Malam Idi ina tsohon da ya fita yanzu? Ya dube ni da kumfa a hannu ya ce tun fitar Haruna ko kaza ba ta gitta ta gabansa ba, ya ce ko dai rana ce ta buge ni. Na koma ɗakin, ƙamshin ƙasar nan yana nan bai tafi ba, amma ko sawu ɗaya babu a kan tayil.

To ga ni tsaka mai wuya. Saura kwana goma sha biyu jirgin su Hajiya ya sauka, kuma gadonta daidai ƙarƙashin farantin yake zama. In na yi shiru na rufe, silin zai yi kyau, a yabe ni, ruwan farko ya sauka ban san abin da zai faru ba. In na yi magana, silin ɗin da na cika baki a kansa ya tashi, kuma dole in amsa cewa ni gwanin Kano na yi wata guda a gida ban taɓa hawa na duba rufinsa ba. Maganar tsoho kuwa ba ta faɗuwa, a wancan lokacin kana furta irin wannan za a ce ka fara harkar iskoki. Wallahi sai da na ɗauki hamar zan ci gaba da kafa katako, hannuna ya ƙi.

Da Haruna ya dawo muka jingina tsani muka hau. Ashe wani ya taɓa liƙe saman soron da siminti shekarun baya, simintin ya tsattsage, indararo kuma ya toshe, ruwan damina nawa yana shiga ba ya fita. Muka fasa, ƙasar ciki damshi sharkaf a tsakiyar bazara. Na kai hannu kan azara, itacen giginyar nan da ake cewa ba ya ruɓa, ta marmashe a hannuna kamar raken da aka tsotse. Na aika aka kira Alhaji, ban yi dogon bayani ba, na zuba masa marmashin a tafin hannu, na kai shi ɗaki na nuna masa tsagar, na gaya masa amfanin farantin kamar da ma can na sani. Ya dubi sama, ya dubi inda gado yake zama, ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Nan fa Inna take kwana." Sai ya juyo ya ce mini, "Bar silin ɗin nan. Za ka iya mayar da shi yadda yake?"

Na ce zan iya, alhali rabona da aikin ƙasa ya fi shekara goma sha biyar.

Amma abin mamaki, hannuna bai manta ba. Muka tokare bakunan, muka yaye rufin, aka nemo mana azara ta namijin giginya daga wajen Baure, na sa aka kwaɓa ƙasa da ciyawa aka bar ta ta kwana uku ta ruɓa yadda mahaifina yake yi, na cire wando mai guga na shiga na taka da ƙafata. Muka canja duk azarar da ta mutu, muka ɗaure, muka rufe, muka buɗe indararo. Sabon faranti kuwa Alhaji da kansa ya sayo shi ya miƙo mini, yana 'yar dariyar kunya. Ƙwan lantarki na kai shi jikin bango, fanka na ce a sayi ta tsaye, kada a rataya wa baka nauyi. Ban taɓa yin aikin da na ji daɗinsa irin wannan ba, har yau.

Ranar Alhamis kafin azahar na yi yaɓen ƙarshe a kewayen farantin, na shafe shi sumul, muka sauke katako muka mirgina durom-durom waje, na kulle ɗakin na jefa makulli a aljihu, muka tafi masallaci, daga nan muka tsaya muka sha fura. Da muka dawo na buɗe, ƙamshin nan ya sake dukan hancina, na ɗaga kai. A gefen farantin, cikin ɗanyen yaɓena, ga shatin hannu an danna shi sosai, hannun hagu, yatsu huɗu. Wurin ko ni da nake dogo sai na hau durom nake taɓa shi, ɗakin kuma ba komai a ciki, tagogi da ƙarfe.

Haruna ya ja da baya yana ta'awwuzi, ya ce, "Maigida, kawo tsani mu shafe abin nan tun bai bushe ba."

Na ce masa a'a, a bar shi. Da ya bushe na bi bakunan da farar ƙasa, na ja musu layin shuɗi, na zagaye shatin ban taɓa shi ba.

Hajiya ta sauka lafiya. Bayan 'yan barka sun ragu ta sa aka kira ni, na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe ta, ta yi ta sa mini albarka, ta ce ƙyaurenta da gadonta duk na bar mata, har faranti na mayar mata a rufi, ba ta zaci haka daga yaran zamani ba. Sai ta nuna sama da carbi ta ce, "Amma ɗan nan, wa ya ba ka labarin hannun Baba Ɗanjuma har ka kwaikwaya?"

Na ce, "Hajiya, wane ne haka?"

Ta ce in sa hannu cikin alkuki, ramin nan na bango da ake ajiye fitila, in shafa sama. Na sa hannu, ni da na yi wa alkukin fenti ban lura ba, sai na ji shatin yatsu a ƙarƙashin fentin, na ƙirga, huɗu. Ta ce Baba Ɗanjuma shi ne maginin da ya gina wa surukinta gidan, azara ce ta datse masa yatsa yana saurayi. Ita ma ba ta gan shi ba, ya rasu tun kafin a kawo ta, uwar mijinta ce take ba ta labari. Ta ce, "Wai in ya gama ɗaki sai ya tsaya ya dube shi. In bai gamsu ba, rushewa yake yi a sake. In ya gamsu, sai ya sa hannu."

Na yi godiya na tashi na fito zaure.

Daga baya na tambayi wani malami a asirce, ya ce matacce ba ya dawowa, aljanu kuwa suna iya ɗaukar kama, in riƙe addu'a in bar bincike. Na karɓa, ban yi musu ba, amma ni dai har gobe ban san wanda ya yi mini sallama ran nan ba. Abin da na sani, Hajiya ta yi shekara tara tana kwana a ɗakin nan har Allah Ya karɓi abinsa, ko ɗigo bai taɓa zuba ba, kuma tun daga ranar duk wanda ya ce mini ɗan magini da ƙarfi nake amsawa.

Shawarata gare ku, in za ku gyara tsohon gida, ku fara hawa sama ku duba rufi kafin ku sayi fenti, kada ku liƙe soron ƙasa da siminti, kuma duk abin da kuka tarar mutanen da sun sa, ku tambayi amfaninsa kafin ku rufe shi ko ku kira shi tsafi. Ku shiga da bisimilla, in an yi muku sallama ku amsa da ladabi, don ba ku san mai yi ba. Ni kam gidajen da na gyara bayan wannan ban san iyakarsu ba, kuma kowanne in na gama sai na kulle, na je na yi salla, na dawo na ɗaga kai na duba rufi. Har yau ba a sake sa mini hannu ba.